Babi na Shida: Hanyar Wa Ce? Karo da Tare Hanya a Filin Sofbol

Tsakanin zango da zango a filin sofbol ƙafa 60 ne kacal, wato mita 18 da 'yan kai, alhali a besbol ƙafa 90 ne. 'Yar wasa mai zafin nama tana cinye wannan tazara cikin kimanin daƙiƙa uku, ƙwallo kuwa ya fi ta sauri nesa ba kusa ba. A wannan ɗan fili ne mutum biyu kan nufi wuri guda a lokaci guda: mai gudu idonta na kan zango, mai tsaro idonta na kan ƙwallo, babu mai kallon 'yar'uwarta. Tun da George Hancock da abokansa suka ƙago wasan a cikin wani zaure a birnin Shikago a 1887, wasa ne na matsattsen wuri, kuma ko da ya fito sarari bai taɓa yin faɗin besbol ba. Saboda haka karo ba baƙon abu ba ne a cikinsa.

Da an yi karo, 'yan kallo abu ɗaya suke son sani: wa ya bugi wa, wa kuma ya fi shan ƙasa? Alƙalin wasa da zai bi wannan ma'auni, kullum sai ya yi kuskure. Tambayar da ke gabansa ita ce: a daidai lokacin da suka haɗu, wa doka ta mallaka wa wannan ɗan wuri? Amsar kuma tana wurin ƙwallo. Inda ƙwallo yake, da yadda ya zo, su ne ke nuna mai hanya, kuma hanyar tana iya sauya hannu kafin ƙiftawar ido.

Littattafan doka sun fi ɗaya. Hukumar USA Softball, wadda aka kafa a 1933, tana da nata. Makarantun sakandaren Amurka suna da nasu. Jami'o'i suna bin na NCAA. Wasannin ƙasa da ƙasa kuma suna ƙarƙashin WBSC, wadda ta samu a 2013 bayan haɗewar hukumomin besbol da sofbol na duniya. Sun sha bamban a kan 'yan kalmomi, amma ginshiƙin da za mu bi a wannan babi ɗaya ne a cikinsu duka.

Ƙwallo ne ke raba hanya

Hali uku ne, kuma duk wanda ya riƙe su ya riƙe rabin aikin alƙali.

Na farko, ƙwallon da aka bugo da sanda. Muddin mai tsaro tana ƙoƙarin ɗaukar ƙwallon da mai bugu ta bugo, fili nata ne. Ko da a tsakiyar layin gudu take tsaye, mai gudu ce za ta kauce mata. Idan ta bangaje ta, ko ta rikita ta har ƙwallon ya kuɓuce, wannan shi ne katsalandan, laifin masu gudu. Hikimar a bayyane take: mai tsaro ba ita ta zaɓi inda ƙwallo zai bi ba, kuma ba ta da idon da za ta raba biyu. Sai dai doka mutum ɗaya take karewa. In masu tsaro biyu suka nufi ƙwallo ɗaya, alƙali zai zaɓi wadda ta fi cancantar ɗauka, ɗayar kuma ta zama mai tare hanya idan mai gudu ta ci karo da ita.

Na biyu, ƙwallon da ke hannu. Mai tsaron da ta riga ta cafe ƙwallo tana da ikon tsayawa tsakanin mai gudu da zango, ta jira ta, ta taɓa ta da shi.

Na uku, babu ƙwallo. Mai tsaron da ba ta riƙe da ƙwallo, ba kuma ƙwallon bugu take bi ba, ba ta da hurumin tsayawa a gaban kowa. In ta sa mai gudu ta rage sauri, ko ta karkace, ko ta yi turus, ta tare hanya ke nan, ko jikinsu bai taɓa juna ba. A nan ne jiran jifa ya shigo. Da can, littattafan doka suna yi wa mai tsaro uzuri idan ƙwallon da aka jefo mata yana gab da isowa. Wannan uzuri ya zama ƙofar da masu cafe, wato masu tsaron da ke bayan mai bugu, ke bi su toshe gida, zangon da ake cin maki, da gwiwa tun ƙwallo na can nesa, sai manyan hukumomin suka soke shi ɗaya bayan ɗaya. Yau abin da ake koya wa yara shi ne: fara cafewa, sannan ki tare.

Mu dubi wasa ɗaya a kusa. Akwai mai gudu a zango na biyu. Aka bugo ƙwallo yana birgima zuwa wurin mai tsaron da ke tsakanin zango na biyu da na uku. Ta sunkuya, safar hannunta na shafar ƙasa. A wannan lokaci fili nata ne, dole mai gudu ta zagaya ta bayanta ko ta gabanta, kuma ba za a ce ta bar layi ba, domin dokar da ta hana mai gudu kauce wa layinta fiye da ƙafa uku tana aiki ne kawai a kan wadda ke gudun a taɓa ta da ƙwallo. To sai ƙwallon ya daki safar ya faɗi gefen ƙafarta. A dokar makarantu da jami'o'i, muddin taku ɗaya da miƙa hannu zai kai ta gare shi, har yanzu tana cikin kariya. Amma a ce ƙwallon ya sulale ta tsakanin ƙafafunta ya wuce can baya. Nan take kariyar ta kau. Tana nan a sunkuye a inda take, ba ta motsa ba, amma ta tashi daga mai haƙƙi ta koma cikas a kan hanya. Karon da za a yi a wurin, in ya zo rabin daƙiƙa da wuri laifin mai gudu ne, in ya zo rabin daƙiƙa a makare laifin mai tsaro ne. Alƙalin da bai san inda ƙwallo yake ba a wannan lokaci, caca kawai zai yi.

Hannu biyu sama, ko hannu ɗaya a miƙe

Hukuncin laifukan biyu ba iri ɗaya ba ne, har a yadda alƙali ke nuna su. In katsalandan ne, sai ya ɗaga hannu biyu sama ya tsayar da wasa nan take. Mai laifin ta fita, sauran masu gudu su koma zangon da suka taka na ƙarshe. Idan kuma ya ga da gangan ta yi don ta hana a fitar da mutum biyu a jere, sai ya fitar da biyun.

In tare hanya ne, ba ya tsayar da komai. Zai miƙa hannunsa na hagu gefe, ya furta kalmar da murya, ya bar wasa ya ci gaba. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san irin wannan: an yi wa ɗan wasa ƙeta amma ƙwallo na ƙafar abokinsa, sai rafali ya bar su su ci gaba don kada busa ta amfani mai laifi. Haka abin yake a nan. Da za a tsayar da wasa duk lokacin da aka tare hanya, da masu tsaro sun mayar da shi dabarar kashe gudu.

Yayin da hannun nan ke miƙe, kan alƙali na lissafi: da ba a tare ta ba, ina za ta kai? A ce mai bugu ta aika ƙwallo can tsakanin masu tsaron baya, ta taka zango na ɗaya ta karya kwana, sai ta yi kiciɓis da mai tsaron zangon tana tsaye baki buɗe tana kallon ƙwallo. Ta yi tuntuɓe, ta miƙe, ta ci gaba. In aka taɓa ta a bakin zango na biyu, alƙali zai tsayar da wasa ya ba ta zangon, domin ba a fitar da wadda aka tare a tsakanin zanguna biyun da abin ya faru, sai in ita ma ta aikata wani laifin, kamar katsalandan, ko wuce abokiyar gudunta, ko tsallake zango ba ta taka ba. Amma in ta ga hannu a miƙe ta ɗauka lasisi ne, ta zarce zuwa na uku, aka riga ta da tazarar da ta fi abin da ta yi asara, to ta fita, babu mai ceton ta. Babu awo babu agogo a wannan hukunci. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma doka ta bar wa idon alƙali wannan kimar.

Niyya ba ta shiga lissafin tare hanya. Misalin da ya fi shahara daga besbol ya fito, inda ƙa'idar take daidai da ta sofbol a wannan gaɓa. Ranar 26 ga Oktoba 2013, a wasa na uku na gasar World Series tsakanin St. Louis Cardinals da Boston Red Sox, ana kunnen doki 4 da 4 a zagayen ƙarshe, aka yi wa mai tsaron Boston, Will Middlebrooks, mummunan jifa a zango na uku. Ya yi tsalle bai samu ba, ya faɗi rub da ciki. Mai gudun St. Louis, Allen Craig, ya tashi zai nufi gida, ya harɗe da ƙafafunsa. An riga Craig isa gida da ƙwallo, amma alƙalin zango na uku, Jim Joyce, ya riga ya nuna an tare hanya, aka ba shi makin, wasa ya tashi 5 da 4. Magoya bayan Boston suka yi ta tambaya: to ina ake so Middlebrooks ya shiga, ƙasa za ta tsage masa? Doka ba ta ce ya yi mugunta ba. Cewa ta yi ƙwallo ya wuce shi, yana kwance a kan hanya, mai gudu kuma ya yi asarar taku.

Akwai wasu wurare biyu da sabon alƙali kan yi sake. Ɗaya shi ne taɓawar ƙarya, inda mai tsaro ba ta da ƙwallo amma ta sauke safa kamar tana da shi don mai gudu ta zame a banza. Wannan tare hanya ne, kuma yana karya idon sawu. Ɗayan shi ne lokacin da aka ritsa mai gudu tsakanin zanguna biyu ana jefa ƙwallo gaba da baya. Duk wadda ta saki ƙwallo daga hannunta, dole ta fice daga layin nan take, domin mai gudu za ta juyo, kuma in ta juyo ta same ta, magana ta ƙare.

A bakin gida

Mafi munin karo a gida ake yin sa, domin nan maki yake, nan kuma mai cafe take da sulkenta na ƙirji da ƙwauri. Wasu na zaton doka ta wajabta wa mai gudu zamiya. Manyan littattafan ba su ce haka ba. Abin da suka haramta shi ne ta taho a tsaye ta afka wa mai tsaron da ke riƙe da ƙwallo tana jiran ta. Zaɓi na gabanta: ta zame, ta kewaya cikin ƙafa uku, ta koma baya, ko ta tsaya ta miƙa wuya. In ta ƙi duk waɗannan ta sa kafaɗa, ta fita ko da ƙwallon ya faɗi daga hannun mai cafe. In abin ya zo da ƙeta, kamar ɗaga gwiwar hannu zuwa fuska ko dunƙule hannuwa a ƙirji a yi tunkuyi, sai a haɗa mata da kora daga wasan.

To idan mai cafe ce ta toshe gida ba ƙwallo fa? Ta yi laifi, alƙali zai miƙa hannu. Amma laifinta bai halatta jininta ba. Mai gudun da ta ga an tare mata hanya ta ce bari ta koya wa mai cafe hankali, ta jawo wa kanta kora. Amfanin hannun da alƙali ya miƙa shi ne ya gaya wa mai gudu cewa an gani, za a biya ta, ba sai ta ɗauki doka a hannunta ba.

Sofbol ya riga besbol na ƙwararru gane wannan. A can sai da mai gudu Scott Cousins ya afka wa mai cafe Buster Posey na San Francisco Giants a watan Mayu 2011, ya karya masa ƙashin ƙafa ya yaga masa jijiyoyin idon sawu, kafin aka kafa dokar hana irin wannan karo a gida a 2014.

Karon da ba laifin kowa

Wani lokaci amsar ita ce babu mai laifi, kuma wannan ne hukuncin da ya fi wuya a fuskanci jama'a da shi. Jifa ya karkace, ya janyo mai tsaro cikin layin gudu, ƙwallo da mai tsaro da mai gudu suka iso tare, aka zube. Kowa na yin abin da doka ta ba shi dama. Haka nan idan mai bugu ta ɗan dangwara ƙwallo a gaban gida, ita ta zabura zuwa zango na ɗaya, mai cafe ta zabura zuwa ƙwallo, kafaɗunsu suka gogu a taku na farko. Alƙali zai shimfiɗa hannu biyu alamar babu komai, wasa ya ci gaba. Yin wannan alama ya fi yin shiru, domin shiru kan sa a ɗauka bai gani ba.

Inda karo ya yi yawa, masu doka sun gwammace su gyara filin da su ƙara hukunci. Shi ya sa ake shimfiɗa tagwayen zango a na ɗaya: rabi fari a cikin fili don mai tsaro, rabi ruwan lemo a wajen layi don mai gudu. Haka kuma rabin ƙarshe na hanyar zuwa zango na ɗaya, wato ƙafa 30, an zana masa wani siririn layi mai faɗin ƙafa uku da ake so mai gudu ta bi, don kada ta shiga tsakanin jifa da mai karɓa.

Ƙafa ɗaya a Oklahoma

Jami'o'in Amurka sun fi kowa taɓa wannan doka a 'yan shekarun nan. A 2018 NCAA ta hana mai tsaron da ba ta da ƙwallo toshe zango gaba ɗaya. A 2024 ta ƙara matsewa: ko wani ɓangare na bakin zangon da ke fuskantar mai gudu aka tare ba ƙwallo, laifi ne, sai dai in jifa ne ya janyo mai tsaro wurin. Tun kakar 2022 kuma koci na da damar neman a duba bidiyo sau biyu a wasa.

Sabuwar dokar da duba bidiyo suka haɗu ranar 4 ga Yuni 2025 a birnin Oklahoma, a wasan farko na jerin wasannin ƙarshe na gasar jami'o'i ta mata, tsakanin Texas da Texas Tech. A zagaye na biyar, babu wanda ya ci ko ɗaya, Logan Halleman ta Texas Tech ta yi yunƙurin satar zango na biyu. Mai cafe Reese Atwood ta yi jifa mai kyau, Leighann Goode ta karɓa ta taɓa ta tun ba ta kai ba, alƙali ya ce ta fita. Texas Tech suka nemi bidiyo. Da aka duba, sai aka ga ƙafar Goode tana gaban bakin zangon kafin ƙwallo ya shiga safarta. Aka juya hukunci, Halleman ta zauna a zango na biyu, daga baya ta ci makin farko na wasan. Texas sun farfaɗo a zagaye na shida, lokacin da Atwood ta daki ƙwallon da mai jifan Texas Tech, NiJaree Canady, ta jefa da nufin ba ta zango kyauta, suka ci 2 da 1, kuma su suka ɗauki kofin a ƙarshe, karo na farko a tarihinsu. Amma surutun da ya biyo bayan wasan, a kan ƙafar Goode aka fi yin sa.

Masu sukar suna da hujja: mai gudun da aka riga da tazara, me aka tare mata? Masu kare hukuncin su ma suna da tasu: an rubuta dokar ne don yatsu da fuskokin da ke zamowa su daina cin karo da gwiwa da takalmi, kuma mai tsaro ba za ta bar ɗabi'ar ba in ana yafe mata duk ranar da jifa ya yi kyau. Gaskiyar ita ce kowace hanya da kuɗinta. Dokar da ta dogara da wurin da ƙafa take tana da sauƙin aunawa, amma wata rana za ta hukunta abin da bai cuci kowa ba. Wadda ta dogara da ganin alƙali ta fi kusa da adalci, amma alƙalai biyu za su iya ganin abu ɗaya su saɓa. Wanda ke da ƙorafi a kan hukuncin Oklahoma, masu rubuta doka ya kamata ya nufa da shi, domin alƙalan abin da ke rubuce suka karanta.

Inda alƙali ke tsayawa

Duk wannan ilimi ba ya amfani in alƙali yana inda ba zai gani ba. Abin da ake nanata wa masu koyo shi ne kusurwa ta fi kusanci. Wanda ya manne wa wasa zai ga safa amma ba zai ga ƙafa ba. Ana so ya ja baya kaɗan, ya samu gefen da abubuwa huɗu za su shiga idonsa tare: ƙwallo, zango, mai gudu, mai tsaro. Ana so kuma ya tsaya cak kafin abin ya faru, domin idon da ke gudu rawa yake yi. A ƙananan wasanni alƙalai biyu ne kawai, wani lokaci ma ɗaya, ga masu gudu uku a fili. A nan ne ake tafka asara, domin ido na son bin ƙwallo zuwa can baya, alhali tare hanyar tana faruwa a kwanar zango na ɗaya ko na uku. Gogaggen alƙali kallon ƙwallo yake yi ya saci kallon masu gudu, ya sake komawa.

Bayan hukunci sai koci ya taso, kuma laifi tudu ne, kowa na ɗaya ɓangaren yake hangowa. Maganar ba ta cika sauyawa ba: “Alƙali, ai ƙwallo take jira! Ina kake so ta tsaya?” Amsa mai kyau gajera ce, da kalmomin doka: “Koci, ƙwallo bai shiga hannunta ba, kuma mai gudu ta karkace saboda ita.” In ta ɗaya gefen ne: “Ai kan layinta take gudu!” Sai a ce: “Koci, ƙwallon bugu ne, ita za ta kauce.” Alƙalin da ya shiga dogon bayani yana buɗe wa kansa ƙofa, domin abin da ido ya gani ba a ɗaukaka ƙara a kansa, in ban da inda ake duba bidiyo, amma kuskuren fassara doka ana yi. Da zai ce “na fitar da ita don ba ta zame ba,” ya ba koci makami, tunda dokar ba ta ce dole a zame ba.

Sofbol zai koma gasar Olamfik a 2028, bayan Japan ta doke Amurka 2 da 0 a wasan ƙarshe na Tokyo a 2021, kuma a filin nan na Oklahoma aka shirya buga shi. Mai karatu, in ka samu kallo, ka gwada wannan: duk lokacin da mutum biyu suka zube, kada ka tsaya a kan wadda ta fi jin jiki. Ka tambayi kanka ko ƙwallon na bugu ne ko na jifa, ko yana hannu ko yana iska, sannan ka dubi hannun hagu na alƙali. Da wuya ka sake zagin sa a kan abin da ya yi daidai.